Kuza, Bariki da Tattaɓa-kunne: Amsa ga Wata Mai Karatu daga Bukuru

Wata malamar makaranta ta rubuto mini daga Bukuru tana cewa kakan mahaifinta ya baro ƙasar Kano ya zo haƙar kuza, ɗansa ya zama heluma, wato shugaban leburori, mahaifinta kuma ya yi tuƙin mota. Tana so ta san sunan dangantakarta da wannan tsoho, tana kuma neman bayani a kan "'yan bariki", sunan da ta ce ana jifan zuriyarsu da shi duk lokacin da suka je ganin dangi.

Malama, amsar tambayarki ta farko gajeriya ce. Mahaifinki jika ne a wurinsa, ke kuwa tattaɓa-kunnensa ce, kuma kalmar ba ta bambanta mace da namiji.

Kafin mu zo kan bariki, ya kamata a raba kuza da dalma, domin matasa suna haɗa su. Kuza ita ce baƙar ƙasar nan mai nauyi wadda ke kwantawa a gindin kwano idan an wanke yashi da ruwa. Dalma, ko darma a wani karin harshen, sunan ƙarfe ne mai laushi da ake samu bayan an narka. Hausawa sun san wannan sana'a tun kafin zuwan Turawa, domin mutanen Ririwai da na Liruwen Dalma suna narka kuza su mayar da ita siraran sanduna da fatake ke saye. Saboda haka kalmar ba baƙuwa ba ce. Heluma da lebura ne baƙi, daga Ingilishi aka aro su lokacin da kamfanoni suka kafa sansani a Naraguta a farkon ƙarni na 20.

Bariki ma ararriya ce, kuma asalinta mazaunin soja. Da aka soma gina wa leburori jerin ɗakuna kusa da ramukan haƙa, sai sunan ya koma kansu, har ya zauna a sunan gari kamar Barikin Ladi. Bayan jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, waɗannan barikoki suka cika da Kanawa da Katsinawa da Barebari da sauran ƙabilu, suna zaune a ƙasar Birom, nesa da idon iyaye da na dagatai. Daga nan ne mutanen gida suka ɗora wa kalmar ma'ana ta biyu, wato mutumin da ya waye fiye da kima, ya saki al'ada. Wannan ma'anar ce ake jifanku da ita, kuma a ganina an yi wa kalmar rashin adalci, an yi wa mutanen ma. Da yawa daga mazauna bariki ba da son ransu suka zo ba: tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an tilasta wa dubban talakawa zuwa haƙar kuza, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, kuma sanyin Jos da yunwa da cuta sun kashe da dama daga cikinsu. Wasu kuwa neman kuɗin haraji ne ya kawo su. Raina yana ɓaci idan na ji ana kiran jikokin irin waɗannan mutane da sunan raini.

Kin kuma ambaci cewa wani kawunki yana yi muku gori da karin maganar nan, "kyan ɗa ya gaji ubansa", tun da babu sauran mai riƙe kwano a gidanku. Gado a Hausa ya fi sana'a faɗi, domin ana gadon hali, ana gadon suna, ana gadon zumunci, shi ya sa ake cewa wane ya gaji ubansa wajen haƙuri ko kyauta. Sana'ar ma ita ce ta fara barin ku, tun da kamfanonin sun ja baya, farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, aka bar kududdufai a kewayen Bukuru da Rayfield. Karin maganar da ta dace da gidanku ita ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", domin mutumin da ya taso daga Kano neman halal shi ne ya haifi heluma, heluma ya haifi direba, direba ya sa 'yarsa a makaranta.

Idan akwai tsohuwa a gidanku da ta ga zamanin kamfani, ki zauna da ita ki rubuta sunayen barikokin da suka zauna da kalmomin aikin da take tunawa, ki aiko mini da su.