Amsa ga maman da ta yi tambaya kan koya wa yaro karatu da waƙa

Wayyo 'yar uwa, wallahi ina karanta tambayarki sai na ji kamar ni ce na rubuta. Kin ce yaronki yana aji uku bai iya haɗa baƙi ba, amma duk waƙar da ya ji a waya sai ya haddace ta tas, wai ko za ki iya koya masa karatu da ita. Za ki iya mana, ni ma da waƙa na ceto tawa 'yar.

Ita wata malama ce ta so ta kashe mata zuciya. Ta tsayar da ita gaban aji ta ce ta karanta abin da ke kan allo, da ta kasa sai ta sa yara suka dinga yi mata ihu suna tafi, wai daƙiƙiya. Yarinya ta dawo gida ko abinci ta ƙi ci, da daddare har fitsarin kwance ta yi, abin da ta daina tun tana 'yar mitsitsiya. Na shirya na je makarantar, matar nan ko arzikin kallo ban samu ba, tana ta danna waya, wai "ai Hajiya wasu yaran haka Allah ya yi su". Haka Allah ya yi su! Amma kuɗin makaranta ko sisi ba a taɓa rage mana ba. Har gobe in na tuna sai na ji raina yana tafasa, ni dai na bar ta da Allah.

Waƙar gaɗa da suke yi da ƙawayenta a tsakar gida na rubuta da manyan baƙaƙe a bayan kwalin taliya, baiti biyu kacal, na liƙa a bango, muna rerawa ina bin kowace kalma da yatsa. Amma ki kula fa, yaran nan wayo gare su, zai yi ta zubo miki ki ɗauka karatu yake alhali hadda ce. Sai na sa almakashi na yanyanka kwalin kalma-kalma, in watsa a kan tabarma in ce ta jera min, a nan ake gane gaskiya. Wadda ta ɗauko sai mu raba ta gaɓa-gaɓa muna tafi. Ki nemi waƙa mai amshi, don kalmar da ke ta maimaituwa ita ido yake fara riƙewa.

Kuma don Allah ki fara da Hausa, kar ki biye wa masu cewa sai Turanci. Tamu wasula biyar ne, a e i o u, in ya gane ba be bi bo bu an wuce wurin. Ko a makarantar allo ai babbaƙu aka fara mana sannan farfaru, kuma da rerawa. Inda tawa ta sha wuya shi ne b da d, da masu ƙugiyar nan ɓ ɗ ƙ, sai ts da sh, kar ki dake shi a kansu.

Banda waƙoƙin soyayya na fim dai, wata rana zai karanto miki abin kunya gaban surukai. Ita ma wayar ki rage masa, ni sai da muka yi rigima da babansu a kanta don shi ke miƙa musu da zarar sun yi kuka. Af, ki kai shi a duba masa ido ma, wani yaron allon ne ba ya gani sosai daga baya inda aka zaunar da shi.