Tambayoyinku Kan Waya: Lauya ya turo min takarda kan fostin ɗina, in goge ko in bari?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon tambayoyin batir da na wayar da ta faɗa ruwa za su ɗan jira, domin saƙonnin da suka fi yawa na masu rubutu ne a Facebook da TikTok waɗanda aka yi wa barazanar kotu. Ni aikina waya da kwamfuta ne, ba lauya bane, to duk inda nace ka ga lauya ka gan shi ɗin fa.

Tambaya daga wani mai shafin labarai a Zariya: Malam na yi fostin cewa an karɓi kuɗin kwangilar rijiyar burtsatse a unguwarmu amma ba a yi aikin ba, na kuma sa sunan ɗan kwangilar. Yanzu lauyansa ya turo min takarda ta WhatsApp wai in goge cikin kwana 7 in nemi afuwa in ba haka ba mu haɗu a kotu. Hankalina ya tashi wallahi, in goge kawai?

Ɗan uwa kwantar da hankalinka, kar ka taɓa maɓallin gogewa tukuna. Takardar lauya ba sammaci bace, wasiƙa ce kawai da wani ya biya aka rubuta masa, kotu ba ta san da zamanta ba. Amma kuma ba abin wasa bace, don haka ba a jefa ta kwandon shara.

Gogewa ba za ta cece ka ba, saboda kafin lauya ya zauna ya rubuta maka takarda ya riga ya ɗauki sikirinshot ɗin fostin ɗin ya ajiye a fayil. In ka goge, su suna da kwafi kai ba ka da shi, gobe in aka kawo sikirinshot da aka yanke rabin maganarka ko aka ƙara wani abu a ciki da me za ka musa? Saboda haka fara adana komai. Kunna rikodin allon wayarka, ka buɗe Facebook tun daga shafinka, ka gangaro a hankali har kan fostin ɗin, ka bari kwanan wata ya fito, ka buɗe kwament ɗin mutane ka bi su har ƙasa. Bidiyo irin wannan ya fi sikirinshot ƙarfi nesa ba kusa ba, sikirinshot yaro ma zai iya haɗa na ƙarya cikin minti biyu. Ka kwafi linkin fostin ɗin ka ajiye. Sannan ka shiga Accounts Centre ka nemi Facebook ya haɗa maka kwafin bayananka ka sauke. Hirar da lauyan ya yi maka a WhatsApp ita ma ka shiga ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi Export chat ka tura wa imel ɗinka. In kana da gidan yanar gizo naka na kanka, ka je Wayback Machine ka sa linkin a wurin Save Page Now, zai ajiye shafin da ranar da aka ajiye shi. A kan Facebook dai bai cika yin aiki da kyau ba don sai an shiga da akawun.

Kar kuma ka ce bari in gyara rubutun a ɓoye in cire sunansa. Facebook yana ajiye tarihin gyara, duk wanda ya danna Edit history zai ga abin da ka fara rubutawa da wanda ka canza. In kana so maganar ta daina yawo kafin ka ga lauya, canza masu ganin fostin ɗin zuwa Only me, ya ɓace wa jama'a amma yana nan a wurinka. Wayar da ka yi fostin da ita kuma kar ka sayar kar ka yi mata fulashin, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a yi bayanin na'urar da hujja ta fito daga cikinta kafin kotu ta karɓa.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ka ce "an karɓi kuɗi". Ka ga takardar biyan? Cewa babu rijiya a unguwa abu ne da ido ya gani, ka ɗauki hoton filin da allon kwangilar in akwai, shikenan ka gama. Amma cewa wane ya karɓi kuɗi ya cinye, wannan sai da takarda, kuma a shari'ar ɓata suna kai da ka faɗa kai ne za ka tabbatar da cewa gaskiya ne, ba shi ne zai tabbatar da cewa ƙarya ne ba. Da ka rubuta cewa allo ya nuna an ba kamfani kaza aikin, yau ga filin ba rijiya, muna tambaya ina aka kwana, da lauyan ya sha wahalar samun abin kamawa. In aikin na gwamnatin tarayya ne akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ka rubuta wa ma'aikatar ka nemi takardun kwangilar, doka ta ba su kwana 7 su ba ka amsa, ko da yake sau da yawa sai an bi su da ƙafa.

Abu na ƙarshe, dan Allah kar ka mayar wa lauyan da martani ta boyis not cikin fushi, kuma kar ka ɗora takardarsa a shafinka kana cewa ba ka tsoron uban kowa. Duk abin da ka ƙara faɗa yanzu sabuwar hujja ce. Kai takardar wurin lauya shi ya amsa. In ba ka da halin biya akwai Legal Aid Council a jihohi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, sannan ƙungiyoyi irin su Media Rights Agenda da Paradigm Initiative suna bibiyar irin wannan shari'ar.

Tambaya daga wata 'yar uwa a Kano mai tallan kayan kicin a TikTok: Wai da gaske ana ɗaure mutum saboda magana a waya? Ni na ɗauka tara kawai ake ci.

Hajiya da gaske ne. Hanya biyu ce. Ta farko mutum ya kai ki kotu da kansa yana neman diyya, wannan ba ɗauri a ciki, kuɗi ne da neman afuwa. Ta biyu ya kai ƙara wurin 'yan sanda a mayar da abin laifi. A Arewa dokar Penal Code sashe na 391 da 392 sun sa ɓata suna cikin laifuka, hukuncin ya kai ɗaurin shekara 2 ko tara ko duka biyun, kuma ko gaskiya kika faɗa sai an duba ko faɗin yana da amfani ga jama'a. A nan Kano a Nuwamban 2022 kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu da tarar naira 10,000 da sharar harabar kotu ta kwana 30 saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin Abdullahi Ganduje.

Sai kuma dokar da kowa ke jin sunanta, Dokar Laifukan Intanet ta 2015, sashe na 24. Yadda aka rubuta shi da farko, saƙon da ya ɓata wa wani rai ko ya zama cin mutunci ma yana iya jawo ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. To wane rubutu ne ba zai ɓata wa wani rai ba? Da shi aka riƙa kwasar 'yan jarida da masu shafuka. Ke da kike harkar kayan kicin ma ki ji wannan, a Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya sukari ya yi masa yawa, aka kama ta aka kai ta har Abuja, kamfanin kuma ya nemi diyyar naira biliyan 5. Kotun ECOWAS tun 2020 ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki ta umarci Najeriya ta gyara, amma sai a Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan gyaran. Yanzu an taƙaita shi kan saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya tura don tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. An rage, amma kamen bai tsaya ba, kuma a ganina kamen shi ne hukuncin da masu ƙarfi ke nema tun farko. Mutum ya kwana a sel, a ɗauke shi daga garinsu zuwa wata jiha, iyalinsa su yi ta faɗi-tashin beli, daga baya a janye ƙarar. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sai dai ba a caji ofis ake karanta shi ba, sai an je gaban alƙali.

Ke dai in za ki yi bitar kaya, faɗi abin da ya faru da ke, na saya ranar kaza a wuri kaza ga rasit ga yadda na same shi. Kar ki ce yana kashe mutane in ba ki da sakamakon gwaji a hannu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Katsina: To in na buɗe akawun na bogi da wani suna na sa VPN, ai ba mai gano ni ko?

Kai ɗalibi, wannan ita ce ƙaryar da ta fi kai mutane ƙasa. VPN adireshin intanet ɗinka kawai yake ɓoyewa, shi ma lokacin da yake kunne, ranar da ka manta ko ya katse da kansa ka shiga akawun ɗin to an rubuta ainihin adireshinka. Akawun ɗin da wace lamba ka buɗe shi? Tun Disamban 2020 aka fara haɗa layukan waya da lambar NIN, kuma sashe na 38 na waccan dokar ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan mai layi da na zirga-zirgar layin har shekara 2. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, su ma suna miƙa bayanan akawun in hukuma ta nema ta hanyar da doka ta yarda. Amma gaskiya yawanci ba a kaiwa nan ma, abokinka da ka faɗa wa ne zai faɗa wa wani, ko salon rubutunka ya tona ka, ko ka ɗora hoton da aka ga labulen ɗakinku a baya. Tsufan fostin ma ba kariya bane, ɗalibin nan na Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a Nuwamban 2022 kan abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Aisha Buhari, rubutun ya yi watanni kafin a zo a ɗauke shi, sai da ɗalibai suka tayar da ƙura sannan aka janye ƙarar. Mai fallasa wata babbar ɓarna da ke tsoron ransa yana da dalilin ɓoye kansa, shi kuma ba da VPN na kyauta ake yi ba, ya nemi ɗan jarida mai amana ya miƙa masa takardun.

Tambaya daga wani admin na gurup ɗin tsofaffin ɗalibai: Ni ba ni na rubuta ba, turowa aka yi na tura, har na sa "copied" a ƙasa.

Ba ta fitar da kai ba yallaɓai. Wanda ya maimaita ƙazafi a idon doka shi ma ya yaɗa, "an ce" da "copied" ba sa wanke kowa. WhatsApp ba ya iya karanta saƙonninku, haka ne, amma gurup mai mutum 200 ai wayoyi 200 ne, mutum ɗaya ya isa ya ɗauki sikirinshot da lambarka ɓaro-ɓaro a sama. A matsayinka na admin kana da ikon goge saƙon kowa ga kowa cikin kusan kwana biyu da turo shi, in ka ga an jefo zargi kan wani ba hujja yi amfani da shi da wuri, kar ka jira sai an yi ta tafka muhawara a kai.

Tambaya daga Maraɗi: Mu a Nijar yaya abin yake?

Ku ma da zafi. Dokar laifukan intanet ta 2019 ce, da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020 kan rubutun Facebook, ta yi kwana 48 kafin kotu ta sallame ta. A 2022 zamanin Bazoum aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi aka bar tara, sai kuma a Yunin 2024 Janar Tiani ya dawo da shi, ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar jaka 1,000 zuwa 5,000, wato sefa miliyan 1 zuwa 5. Duk abin da na faɗa wa na Zariya kan adana hujja ya shafe ka, sai dai lauyan da za ka nema ya zama na can.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Jos: 'Yan sanda sun kira ƙanena wai ya zo ya amsa tambayoyi kan wani bidiyo, kuma ya zo da wayarsa. Me za mu yi?

Ku nemi gayyatar a rubuce da sunan ofishin da na jami'in, kar ya tafi shi kaɗai, ya tafi da lauya kuma da safe a farkon mako, ba yammacin Juma'a ba, don in aka riƙe shi ranar Juma'a sai Litinin kotu za ta zauna. Kafin ya fita ya yi bakof na wayar, ya kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da Facebook, ya tura muku kwafin bidiyon da linkinsa, amma kar ya goge komai yanzu da aka riga aka kira shi. Yana da 'yancin ya yi shiru har sai lauyansa ya zo, kar ya rubuta sitetimen ko ya sa hannu kan abin da bai karanta ba, maganar buɗe waya kuma ya bar wa lauyan. In suka karɓi wayar ku nemi a rubuta muku shaidar karɓa da lambar IMEI ɗinta, wato lambar shaidar ita kanta wayar, ku danna *#06# tun a gida za ta fito ku kwafe a takarda.