Tambaya da Amsa: Yaya zan sa AutoCAD ta riƙa shirya mini takardun bugawa da kanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ina aikin zane a ofishin wani mai tsara gine-gine, kuma da AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta, muke aiki. Duk zanenmu a filin Model muke yinsa, kowane hawa da kowane gefen gini mu zagaye shi da akwati. Ranar bugawa sai in bi su ɗaya bayan ɗaya, in ja Window, wato in zagaye wurin da za a buga, in zaɓi takarda, in saita ma'auni. Aikin rukunin gidajen da ke hannunmu ya kusa takarda 40, ga oga kullum da sabon gyara. An ce mini akwai ɗan shiri na LISP, harshen da ake rubuta wa AutoCAD shirye-shirye da shi, da ke yin duk wannan da dannawa ɗaya. Gaskiya ne? In haka ne, yaya ake amfani da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gaskiya ne akwai shi, kuma zan zo kansa. Amma da na karanta yadda kake aiki, na ga ba shi ne abin da ka fi buƙata yanzu ba. Irin wannan shirin LISP kwafi kawai ya iya, abin da ka ba shi shi zai hayayyafa. Ka ba shi takarda mai kyau guda, ya ba ka 40 masu kyau. Ka ba shi mai kuskure, ya raba maka kuskuren gida 40. Kai kuwa a yanzu ba ka da takardar da za a kwafa ma, tunda daga Model kake bugawa kai tsaye.

Wannan hanya ta jan Window tsohon yayi ce. Tun 1990 AutoCAD ta raba filin zane da filin takarda, daga fitowar AutoCAD 2000 kuma aka samu damar yin shafukan Layout, wato shafukan filin takarda, da yawa a fayil guda. Ka'idar mai sauƙi ce: gini ana zana shi da ainihin girmansa a Model, bango mai mita 5 a ja shi milimita 5000. Takarda kuma tana zaune a Layout da nata ainihin girman, A3 milimita 420 da 297, A1 milimita 841 da 594. Tsakaninsu akwai taga, wadda ke nuno zanen Model a kan takarda, ana buɗe ta da umarnin MVIEW, kuma a tagar ne kaɗai ake saita ma'auni. Ita takardar kullum 1:1 ake buga ta.

Don haka aikinka na farko shi ne ka zauna ka gina takarda guda wadda ba ta da aibi. Buɗe PAGESETUP, ka ƙirƙiri saiti ka ba shi suna, misali A3-PDF. Firinta ka zaɓi DWG To PDF.pc3, takarda ka ɗauki A3 mai alamar full bleed don kada gefe ya cinye maka layin iyaka, wurin bugawa Layout, ma'auni 1:1, sannan teburin alƙalami, mai saita kauri da launin layi a bugu, ko monochrome.ctb ko na ofishinku. Kada ka raina maganar ba shi suna. Saitin da ba shi da suna yana maƙale a shafi ɗaya ne, mai suna kuwa kana iya jawo shi cikin kowane fayil da PSETUPIN, kuma idan ka gyara shi, duk shafukan fayil ɗin da ke bin sa sun gyaru. Na ce PDF ba firintar ofis ba saboda ranar da aka canja firinta, ko aka kai fayil shagon masu babbar na'ura, sunan tsohuwar ba ya nan, saitin ya watse.

Sai akwatin bayani na gefen takarda, inda ake rubuta sunan aiki, mai gida, lambar takarda da kwanan wata. Layukansa da tambarin ofis ka ajiye su a fayil dabam ka jawo su da XREF, yadda in lambar wayar ofis ta canja wuri guda za ka taɓa. Rubutun da ke bambanta daga takarda zuwa takarda kuma ka yi shi da ATTDEF cikin bulok, wato zanen da aka dunƙule wuri guda aka ba shi suna. Tagar ka ɗora ta a kan leya, wato rukunin da ake ware sassan zane a ciki, ta musamman da ka hana bugawa. Na san da yawa suna jefa ta a leyar Defpoints wadda dama ba ta fita a bugu, yana aiki, amma ba don haka aka yi wannan leyar ba, ni ban so. Ka adana duka a matsayin fayil ɗin samfuri, mai ƙarewa da DWT.

Wurin da mutane suka fi faɗawa rami shi ne ma'aunin taga. Idan da milimita ka yi zane, 1:100 ba ta da wata wahala, ka zaɓe ta a jeri ko ka rubuta ZOOM sannan 1/100xp. Amma masu safiyo da masu aikin hanya yawanci da mita suke zane, takarda kuwa da milimita take. A nan 1:100 ta koma 10xp, wato 1000 a raba da 100, 1:500 kuma 2xp. Kana saitawa ka kulle tagar nan take, domin juyi ɗaya na tayar linzami a cikinta ya isa ya mayar da 1:100 wani abin da ba shi da suna, kuma ido ba ya ganewa sai maƙeri ko birkila ya ɗora awo a kai.

Mataki na biyu, wanda a ganina zai sauke maka mafi yawan nauyin, shi ne Sheet Set Manager. Yana cikin manhajar tun AutoCAD 2005, sai dai ofisoshi da yawa ba su taɓa buɗe shi ba. Ɗan ƙaramin fayil ne mai ƙarewa da DST wanda ke riƙe da jerin takardun aiki duka, ko da a fayiloli dabam-dabam suke. Ka nuna masa samfurinka, duk sabuwar takarda daga shi za ta fito. Daɗin abin yana cikin FIELD. Maimakon ka rubuta lambar takarda da hannu, sai ka saka filin da ke karanto ta daga jerin, haka sunan takarda da sunan aiki. Idan oga ya cusa sabon zane tsakanin takarda ta 7 da ta 8, ka gyara lambobi a jerin, akwatunan bayani su bi. Za ka ga rubutun da inuwa ruwan toka a bayansa, ba ta fita a bugu. In ka ga ####, filin ya rasa abin da yake nunawa ne, ka duba haɗin. Ranar bugawa ka zaɓi takardun duka, ka tura su PDF guda a jere. Ko ba ka kafa wannan ba, umarnin PUBLISH zai buga maka dukkan shafukan Layout lokaci ɗaya.

Yanzu ga LISP ɗin naka. Inda yake da amfani na gaske shi ne irin halin da kake ciki, akwatuna da yawa a Model da ake so kowanne ya samu shafinsa. Shirin zai tattara akwatunan, ya karanta kusurwoyin kowanne, ya jera su daga hagu zuwa dama da sama zuwa ƙasa, sannan ga kowanne ya kwafi shafin samfuri, ya ba shi lamba, ya shiga taga ya kai ta kan akwatin, ya saita ma'auni, ya kulle. Akwai irinsa da dama kyauta a intanet, kuma wanda ya ɗan iya AutoLISP zai rubuta nasa. Ana loda shi da APPLOAD. In AutoCAD LT, ƙaramar sigar manhajar, kuke da ita, sai daga ta 2024 zuwa sama take karɓar AutoLISP.

Sharuɗɗansa ne mutane ba sa faɗa. Dole akwatunan su zama abu iri ɗaya da shiri zai gane, bulok mai suna guda ko rufaffen layi a leya guda. Layuka huɗu da aka ja a warwatse ba akwati ba ne a wurinsa. Dole girmansu ya dace da tagar: cikakkiyar A3 a 1:100 tana ɗaukar 42000 da 29700 a Model, kuma tagarka ba ta kai haka ba tunda akwatin bayani ya ci nasa wurin. Sannan ka bincika ko shirin yana saita ma'auni da lamba, ko kuwa cika taga kawai yake yi da zanen. Mai cika taga zai ba ka takarda kyakkyawa a ido wadda ma'auninta 1:97 ne. Jeri ma yakan rikice idan wani akwati ya ɗan fi na kusa da shi hawa sama, don haka ka daidaita su a layi kafin ka kunna.

Wani abu kuma, tunda da filas muke yawo da fayiloli: fayil ɗin LISP shiri ne mai gudana, kuma akwai ƙwayoyin cuta da ke ɓuya da suna acad.lsp ko acaddoc.lsp a cikin jakar zane. A 2012 an gano wata mai suna Medre da ke satar zane tana turawa ta imel, ta fi yin ɓarna a Peru. Kada ka kashe SECURELOAD, kariyar da ke tare shirye-shiryen da ba a amince da su ba, don wai tana damunka da gargaɗi. Ka ware jaka guda ta shirye-shiryen da ka yarda da su, ka sa ta cikin amintattun wurare, kuma ka fara gwada kowane sabon shiri a kan kwafin fayil.

Ga aikin da ke hannunka, ka gina samfurin, ka mayar da akwatunan nan bulok guda, ka bar LISP ya yi maka shafukan sau ɗaya, sannan ka shigar da su Sheet Set ka ci gaba daga can. Idan ka kai PDF shago, ka tsaya a kan mai bugawa ya zaɓi ainihin girma, kada ya danna Fit. Takarda ta farko na fitowa ka ɗora rula: ƙofa mai faɗin milimita 900 a 1:100 milimita 9 za ta ba ka. In an rage A1 zuwa A3, tsayi da faɗi sun koma rabi, 1:50 ta zama 1:100 alhali ma'aunin da ke rubuce a akwatin bayani bai canja ba, shi ya sa yake da kyau ka zana sandar ma'auni a jikin samfurin tun farko.