Ga malamar da aka damƙa wa aji huɗu

Malama, sannu da fama. Na karanta tambayarki sau biyu: an ba ki riƙon aji huɗu bana, yaran kowacce daga tata ƙaramar sakandaren ta zo, kin kira muhawara babu wadda ta ɗaga hannu, kina neman abin da zai sa su ji ajin nasu ne. Wallahi kamar ni na rubuta. Shekara uku na riƙe aji huɗun nan, wato SS1, a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a nan Kano, kuma har yanzu akwai abin da idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Kin dai san aji huɗu maraya ne. Hankalin kowa yana kan 'yan aji shida da WAEC da NECO, 'yan aji biyar kuma su ake shiryawa shugabancin ɗalibai. Naki ba mai waiwayarsu. Ga kuma ciwon rabon aji, wadda ta so kimiyya aka tura ta wani ajin tana ganin an ce mata daƙiƙiya ce. Kada ki fara da muhawara, 'yar'uwa. Yarinyar da ba ta san sunan ta kusa da ita ba, ba za ta miƙe ta yi magana gaban mutum saba'in ba. Ni da jaridar bango na fara. Kwali biyu, duk Litinin layi ɗaya ke da alhakin cika su: karin magana, labarin unguwa, zane, kacici-kacici. Ranar da 'yan aji biyar suka tsaya a ƙofarmu suna karantawa, ranar na fara jin yarana suna cewa "jaridarmu".

Daga nan muka buɗe asusu, naira hamsin duk Juma'a ga mai hali. Su suka zaɓi ma'aji, su ke riƙe da littafin. Don Allah kada kuɗin ya kwana a jakarki ko sau ɗaya.

A zango na uku aka ce ajinmu ne zai wakilci makaranta a faretin ranar yara, 27 ga Mayu. Da baki aka faɗa mini, a ofishin malamai, kuma nan ne kuskurena. Mako huɗu muna atisaye bayan an tashi, cikin wannan zafin na bazara da ko takalmi ba ya hana ƙasa ƙona ƙafa. Da kuɗin asusu suka sayi farar safa da safar hannu. Akwai wata 'yar siririya da ke tsayawa a sahun gaba, da yamma take taya mahaifiyarta suyar awara, kullum hijabinta da ƙanshin mai. Ita ce mai ba da umarni. Muryarta ta dishe sau biyu, ba ta fasa zuwa ba.

Ana gobe fareti mataimakiyar shugabar makaranta ta zo filin, ta tsaya ta kalle su ko minti biyar ba a yi ba, ta ce a'a, 'yan aji biyar za su je, sun fi tsayi, sun fi kyan gani. 'Yan aji biyar da ba su yi atisayen ko yini uku ba! Bai ishe ta ba, ta ce a karɓi safar hannun a ba su, ai kayan makaranta ne. Na ce Hajiya, da kuɗinsu suka saya, ga littafi. Ta ce a gaban yara zan yi mata musu? Na yi shiru. Ina tsaye suna cire safar ɗaya bayan ɗaya suna zubawa a kwali, babu mai kallona. Sai yarinyar nan ta matso, ba ta yi kuka ba, ta ce, "Malama, laifin me muka yi?" Ban sami abin ce mata ba. A adaidaita sahu na yi kukana har gida. Abin da ya fi ci mini rai, washegari matar nan ta gaishe ni da fara'a kamar babu abin da ya faru, kuma har na bar makarantar ba ta taɓa cewa yaran su yi haƙuri ba. Na yafe mata nawa, amma na yara ba ni da ikon yafewa.

Saboda haka duk alkawarin da hukumar makaranta ta yi wa ajinki, ki nemi a rubuta, shugaba ta sa hannu, tun kafin ki faɗa wa yara.

Mako biyu jaridar bango ba ta fito ba. Abin da ya dawo mini da su ziyara ce. Na bi iyaye da takardar neman izini, na cika sauran kuɗin mota daga albashina, muka je Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano. Yawancinsu haifaffun Kano ne amma ba su taɓa shiga ba, ba su san ginin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake ba, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Sun daɗe tsaye gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari suna ta tambaya. Muka biya ta marinar Ƙofar Mata, wata ta ce kakanta marini ne, nan take ta zama mai yi wa sauran bayani, yarinyar da ban taɓa jin muryarta a aji ba. Ki lura da irin waɗannan masu shirun, kada monita da 'yan gaban aji su cinye komai.

Af, wasannin gidaje kuma za su warwatsa miki su, wannan ja, wannan kore, wannan shuɗi. Kada ki damu, ki dai sa duk wadda ta ci wani abu a rubuta sunanta a jaridar aji ko daga wane gida take. Idan azumi ya faɗo cikin zango, ki ajiye duk wani atisaye, ki koma kacici-kacici a zaune.

Ki gaya mini ajin kimiyya ne ko wanne, da yawansu, zan turo miki yadda muka tsara littafin asusun da takardar iyaye. Allah Ya dafa miki, Malama.