Me Ya Sa Zaɓin Yanayi Bai Kawar Da Cutar Sikila Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karanta ilimin halittu, kuma gwajin jini ya nuna ni AS ce. An koya mana cewa zaɓin yanayi yana rage duk siffar da ke cutar da mai ita har ta ɓace daga cikin jinsi. To idan haka ne, yaya aka yi cutar sikila, wadda a da take kashe yawancin masu ita tun suna ƙanana, ba ta ƙare ba? Kuma na ji an ce tana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro. Idan aka kawar da zazzaɓin, ita ma za ta tafi da kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da aka koya muku gaskiya ne, amma an gajarta shi har ya rasa wani sashe nasa mai muhimmanci. Kafin a ce wata siffa tana cutarwa, dole a tambaya: wa take cutarwa, a wane muhalli, kuma da wace ƙwayar gado ta haɗu a jikin mai ita? Sikila ita ce misalin da masana suka fi kawowa idan suna son nuna cewa amsar waɗannan tambayoyi tana iya juya hukuncin baki ɗaya.

Bari mu fara da tushe. Charles Darwin da Alfred Russel Wallace sun gabatar da ra'ayin zaɓin yanayi a Landan a shekarar 1858, sannan Darwin ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1859. Hujjar tasu mai sauƙi ce. 'Ya'yan jinsi ɗaya sun bambanta da juna, wani ɓangare na bambancin gado ne, kuma ba dukkansu ke barin zuriya daidai da juna ba. Idan waɗannan suka haɗu, siffar da ta taimaki mai ita ya rayu ya haihu za ta riƙa yawaita daga tsara zuwa tsara. Ki lura cewa ba mutum guda ne ke sauyawa ba. Wanda aka haifa AA zai mutu yana AA komai yawan sauron da ya cije shi. Abin da ke sauyawa shi ne adadin masu ɗauke da kowane nau'i a cikin jama'a, kuma wannan sauyin adadi shi ne ma'anar juyin halitta a wurin masu wannan fanni. Abu ne da ake ƙirgawa, kuma an ga faruwarsa a zamaninmu: ƙwayar cutar maleriya da ba ta jin maganin kulorokwin ta fara bayyana a ƙarshen shekarun 1950 a Kudu maso Gabashin Asiya da Kudancin Amurka, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuma ta isa Gabashin Afirka, domin maganin ya riƙa kashe masu jinsa yana barin marasa ji suna hayayyafa.

Darwin bai san yadda gado ke tafiya ba. Wannan ya fito ne daga aikin Gregor Mendel, wanda ya wallafa sakamakon gwaje-gwajensa a kan tsirrai a 1866, ba a kuwa kula da shi ba sai a 1900. Abin da ya gano shi ne cewa gado ba ya cakuɗewa kamar ruwa biyu da aka zuba a mazubi ɗaya. Kowa yana karɓar kwafi biyu na ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma kowane kwafi yana nan yadda yake ko da ɗan'uwansa ya rufe tasirinsa. A batun sikila, ƙwayar gadon da ake magana a kanta ita ce ke ba da umarnin gina wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Bambancin A, wato kwafin da aka saba da shi, da S, wato kwafin sikila, harafi ɗaya ne tak a rubutun gado, kuma Vernon Ingram ya nuna a tsakiyar shekarun 1950 cewa tubali ɗaya kawai ya bambanta himogulobin ɗinsu a ginin sinadarin. Tubali ɗayan nan ya isa ya sa himogulobin ya dunƙule ya zama kamar zare-zare masu tauri idan oksijin ya yi ƙaranci, sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta kuma mutu da wuri. Mai SS ba shi da lafiyayyen kwafin da zai rufa masa. Mai AS irinki yana da shi, shi ya sa yawanci yake rayuwarsa ba tare da ciwon ba.

A nan ne lissafi ke shigowa, kuma ina roƙonki ki bi shi a hankali, domin rabin amsarki yana cikinsa. A 1908 wani masanin lissafi ɗan Ingila, G. H. Hardy, da wani likita Bajamushe, Wilhelm Weinberg, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna yadda ake gano adadin AA da AS da SS idan an san yawan kowane kwafi kuma ana aure ba tare da duba ko mutum AA ne ko AS ko SS ba. Ki ɗauka akwai mutum 1,000. Kwafinsu 2,000 ke nan. A ce 200 daga ciki S ne, wato ɗaya cikin goma. Ki ƙaddara an zuba kwafin nan duka a jaka guda an girgiza, kowane jariri yana zura hannu sau biyu. Damar ya zaro S sau biyu ita ce ɗaya cikin goma na ɗaya cikin goma, wato ɗaya cikin ɗari. Saboda haka za a samu SS guda 10, AS guda 180, AA guda 810. Yanzu ki ƙirga inda kwafin S ɗin nan 200 suke. Guda 20 kawai ke jikin masu SS. Sauran 180 suna jikin lafiyayyun mutane, inda zaɓin yanayi ba shi da hanyar ganinsu, domin shi yana aiki ne da abin da ya bayyana a jiki.

Sakamakon haka, ko da a ce babu mai SS ko ɗaya da ya taɓa kaiwa ga haihuwa, raguwar S za ta yi tafiyar hawainiya. Daga ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin ashirin sai an yi tsara 10, kimanin shekara 250 idan aka ɗauki tsara a kan shekara 25. Daga ɗaya cikin ɗari zuwa ɗaya cikin ɗari biyu kuwa sai an yi tsara 100. Duk lokacin da kwafin ya ƙara ƙaranci, haɗuwar biyu daga cikinsa a jiki ɗaya takan ƙara wuya, shi kuma ya ƙara ɓuya. Wannan shi ne dalilin da ya sa cututtukan gado masu irin wannan ɗabi'a ba sa ƙarewa ƙaf a kowace al'umma.

Sai dai wannan bayani bai wadatar ba. Yana nuna abin da ya hana S saurin ɓacewa, amma bai nuna yadda aka yi ta yawaita tun farko ba, har a wasu yankunan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yake ɗauke da ita. Kuskuren kwafi da ke haifar da sabon nau'i yana faruwa ne jefi-jefi ƙwarai, ba zai iya cike giɓin da mutuwar masu SS ke bari a kowace tsara ba. Dole akwai wani abu da ke tura ta sama. J. B. S. Haldane ya yi hasashe a 1949, yana magana kan wata cutar jini ta gado da ake kira talasimiya, cewa mai yiwuwa masu kwafi ɗaya suna samun kariya daga maleriya. A 1954 Anthony Allison ya kawo shaida daga Gabashin Afirka cewa haka abin yake ga sikila: yara masu AS ba sa ɗaukar ƙwayar maleriya da yawa a jininsu kamar masu AA, kuma wuraren da S ta fi yawa su ne wuraren da maleriya mai kisa ta fi ƙamari. Idan aka ɗora taswirar S a kan taswirar maleriya, daga Afirka kudu da Sahara zuwa wasu sassan Gabas ta Tsakiya da Indiya da bakin Bahar Rum, za a ga sun yi kama sosai.

Yadda kariyar ke aiki yana da hanyoyi fiye da ɗaya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma a jikin mai AS waɗanda ta shiga sun fi saurin lanƙwashewa, sai saifa ta tace su ta fitar da su tare da abin da ke cikinsu. Ita kanta ƙwayar cutar ba ta girma yadda ya kamata a cikinsu idan oksijin ya yi ƙasa. Bincike ya nuna AS tana rage haɗarin maleriya mai tsanani da kusan kashi 90 cikin ɗari. Zan ƙara da gargaɗi ɗaya, tunda abin ya shafe ki: kariya ce daga tsananin ciwon, ba ta hana kamuwa da shi, don haka mai AS yana bukatar rigakafi da magani kamar kowa.

To ga yadda hoton ya kasance a inda maleriya ke kisa. Masu SS suna mutuwa da sikila, kowanne ya tafi da kwafin S biyu. Wasu daga masu AA suna mutuwa da maleriya tun suna ƙanana, kowanne ya tafi da kwafin A biyu. Mai AS, wanda ya fi su duka tsira, yana miƙa wa zuriyarsa A da S daidai wa daida. Idan S ta yi ƙaranci, kusan dukkanta tana jikin masu AS, sai ta riƙa cin riba tana ƙaruwa. Idan ta yi yawa, haihuwar SS ta ƙaru, sai asarar ta ja ta baya. Ma'aunin yana tsayawa ne a inda asarar ɓangarorin biyu ta daidaita, kuma ana iya lissafa wurin. A matsayin misali na lissafi kawai, a ce idan aka gwada su da masu AS, masu AA suna rasa 12 cikin ɗari na zuriyarsu, masu SS kuma suna rasa 88. Sai a raba 12 da jimillar 12 da 88, a samu kashi 12 cikin ɗari na kwafi su ne S, wanda ke nufin kusan mutum 21 cikin ɗari za su zama AS. Ashe zaɓin yanayin da kike tsammanin zai kawar da sikila shi ne ke riƙe da ita.

A ganina babban darasin fannin yana nan. Sauro bai ƙirƙiri S ba, jiki kuma bai samar da ita don ya ga yana bukata ba. Kuskuren kwafi ne ya faru ba tare da la'akari da amfaninsa ba, muhalli ya tarar da shi ya fifita shi. Zaɓin yanayi ba ya tsara mafita mafi kyau, yana amfani ne da abin da ya samu a gabansa ko da tsadarsa ta kai ran yara. Maleriya ta bar irin wannan sawu a wasu wuraren da wasu nau'o'in: himogulobin C a Afirka ta Yamma, himogulobin E a Kudu maso Gabashin Asiya, talasimiya a ƙasashen Bahar Rum da Asiya.

Kada kuma ki ɗauka duk abin da ya yawaita a cikin jama'a yana da wani amfani a ɓoye. Wani lokaci dace ne kawai, musamman a ƙaramar al'umma. A tsibirin Pingelap da ke tekun Fasifik, guguwa da yunwar da ta biyo baya wajajen 1775 sun bar mutum kusan 20 a raye, kuma an yi katari akwai mai ɗauke da kwafin wata makantar launi ta gado a cikinsu. A yau larurar ta yi yawa a tsibirin fiye da sauran duniya nesa ba kusa ba, alhali ba ta amfanar kowa da komai. Ƙaura da auratayya tsakanin al'ummomi su ma suna sauya adadi ba tare da wani zaɓi ba.

Sai tambayarki ta biyu. Idan maleriya ta kau, ribar AS ta kau, ma'aunin zai karkata, S ta fara raguwa. Akwai alamar haka a Amurka, inda kimanin ɗaya cikin 13 na baƙaƙen fata ke ɗauke da kwafi ɗaya, ƙasa da abin da ake samu a yawancin yankunan da aka kwaso kakanninsu, ko da yake auratayya da wasu al'ummomi ita ma ta taka rawa a raguwar. Amma ki tuna da lissafin da muka yi a sama: ko a yanayin da babu mai SS da ke haihuwa, maganar ɗaruruwan shekaru ake yi kafin a rage ta zuwa rabi. Yanzu kuwa rigakafi da fenisilin da ƙarin jini da maganin haidiroksiyuriya suna sa masu SS da yawa su girma su yi iyali, abin farin ciki ne, amma yana nufin raguwar za ta fi haka jinkiri.

Akwai wani abu kuma da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA, kuma abin da cikin farko ya kawo ba ya sauya damar na biyu. Idan masu AS suka daina auren juna, haihuwar masu SS za ta faɗi nan take a tsara ɗaya, wanda ya fi duk abin da zaɓin yanayi zai iya yi sauri. Amma yawan kwafin S a cikin jama'a ba zai ragu da hakan ba, domin hanyar da yake bi ya fita ita ce ta masu SS, an kuwa rufe ta. Zai ci gaba da wucewa daga iyaye masu AS zuwa rabin 'ya'yansu, don haka kowace sabuwar tsara za ta bukaci ta yi nata gwajin.