Ga ƙanenmu da ya ce labaran duniya sun rikita shi

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai da na dawo daga sallar asuba don in amsa maka a tsanake. Ka ce duk lokacin da ka buɗe waya, wannan na zagin Faransa, wancan na yabon Rasha, wani na cewa komai makircin Amurka ne, har ka rasa wanda za ka gaskata. Ka kuma ce wai ina ruwan mutumin Daura da yaƙin Yukren.

Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma a gindin rediyo na tashi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da wata rediyo mai cin batir huɗu da ya ɗinka wa riga ta fata. In an idar da isha'i sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, dattawan unguwa su kewaye ta. Ba ya taɓa tsayawa a tasha ɗaya. In Landan ta gama sai ya murɗa ya nemo Jamus, wani lokaci har Muryar Amurka, yana cewa alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, na Jamus 1963, na Amurka an buɗe shi a 1979, Faransa ta buɗe nata a 2007, ga na Sin da na Iran, ga TRT Afrika ta Turkiyya da ta shigo a 2023. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ƙasashen nan suke kashe kuɗinsu su yi mana magana da harshenmu? Ruwa ba ya tsami banza. Ma'aikatan gidajen nan 'yan'uwanmu ne, da yawansu masu riƙon amanar aiki, amma kowace tasha tana da inda ta fi haskawa da inda take wucewa da sauri.

A 2003 muna ofishin malamai muka yi ta jin cewa Iraƙi ta ɓoye makaman ƙare dangi. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya je gaban kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya da hotuna yana nunawa. Aka afka wa ƙasar, aka rusa ta, ba a samu makaman ba. Tun daga nan na koyi kasa kunne ga kalmar "in ji". In an ce "in ji ma'aikatar tsaron ƙasa kaza", to iƙirari aka kawo maka, ba shaida ba. Sai dai kar wannan ya sa ka ɗauka duk wanda ke adawa da Turawa mai gaskiya ne, domin shi ma da tasa bukatar ya zo.

Inda abin ya fi shiga jikina shi ne juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da Janar Tiani ya kifar da Bazoum. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka ba sojojin wa'adin mako ɗaya su mayar da Bazoum kan mulki ko a yi amfani da ƙarfi, suka ce a rufe iyaka. Najeriya ta yanke wutar da take ba su. A Abuja takarda ce aka sa wa hannu, mu kuwa a nan iyakar Kwangwalam ce aka toshe mana. Ƙanwar matata tana aure a Matamaye ta Nijar, kuma da wuya ka shiga gida a Daura ko Mai'adua ka rasa mai dangi a tsallake.

Wani dare a cikin wancan makon aka turo bidiyo a zauren danginmu na WhatsApp: jerin motocin soja, da muryar wani yana rantsuwa cewa yanzu suka wuce Daura sun nufi iyaka. Hankalina ya tashi, na tura wa mijin ƙanwar matata ban bincika ba. Baiwar Allah nan ta kwana tana ɗaure kayan yara a zani, tana jiran gari ya waye su nufi ƙauye. Da safe na hau mashin na bi titin, na tsaya wurin mai shayin da yake kwana a bakin hanya, na tambayi direbobin da motocinsu suka maƙale. Kowa ya ce bai ga ko mota ɗaya ba. Na dawo na sake kallon bidiyon da idon basira, sai ga itatuwan kwakwar manja jere a gefen titi. Ina kwakwar manja a ƙasar Daura? Har yau in na tuna daren da na sa ta yi, sai in nemi gafarar Allah.

Ra'ayina game da rikicin bai sauya ba. Barazanar yaƙi kuskure ce babba, kuma sanatocinmu sun kyauta da suka ƙi goyon baya. Takunkumin ma talaka ya fi ci, har aka janye shi a Fabrairun 2024. Amma masu cewa korar Faransa ta magance komai su ma su dubi abin da ya biyo baya. Sojojin Faransa sun fita a Disambar 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma hare-hare a yankin Tillaberi ba su tsaya ba. Gwamnatin sojan ta dakatar da rediyon Faransa, RFI, tun Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Duk mai mulkin da ba ya son a ji murya ta biyu, ko farar hula ne ko mai kaki, ni ina ɗari-ɗari da shi.

Batun Yukren kuwa, tambayi duk wanda ya sayi taki a daminar 2022. Rasha da Belarus na cikin manyan masu fitar da sinadarin fotash da ake haɗa takin NPK da shi, kuma Rasha da Yukren na cikin manyan masu sayar wa duniya alkama. Yaƙi ya ɓarke a 24 ga Fabrairu, kafin ruwa ya sauka buhun taki ya yi tashin gwauron zabo, burodin mai shayi ya ƙanƙance. Ni kaina na rage gonar masara na ƙara gero da wake. Amma kar wani ya ɗora maka duk tsadar nan a kan Putin ko Turawa. Cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya, a gida aka yanke su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shawarata, ka daina ƙoƙarin haɗiye duniya gaba ɗaya. Ɗauki labari guda, misali na Nijar tunda a ƙofarmu yake, ka bi shi wata ɗaya a tashoshi uku da ba sa ga maciji da juna, kana rubuta ranar kowane abu a ɗan littafi. Duk saƙon da ya zo da "don Allah a yaɗa" ka bar shi ya kwana tukuna. In kuma ka shigo gari ranar Lahadi, yi mini magana mu je kasuwar Mai'adua tare, ka ji nawa 'yan canji ke sayar da sefa, ka tambayi fataken da suka koro shanu daga Damagaram yadda suka baro hanya.