Amsa: Wanke tankin tarakta da ta daɗe a ajiye

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce Massey Ferguson 135 ɗin mahaifinku ta shekara shida a ajiye, tankin duk baƙar laka. Don Allah kada ka tayar da ita tukuna. Lakar nan in ta kai famfon injekta, wato famfon da ke tura mai cikin inji, gyaran sai ya ninka.

Raɓa ce ke taruwa a ƙasan tanki, ƙwayoyin halitta su hayayyafa tsakanin ruwan da man gas (dizal), ga tsatsa kuma. Sauke tankin gaba ɗaya, ka tsiyaye tsohon man. Zuba kananzir kamar lita 3, ka jefa noti cikin tafin hannu don su kankare lakar, amma ka ƙirga su tukuna, don akwai wanda ke maƙalewa a lungu. Ku biyu ku yi ta jijjigawa, kuna juya shi ta kowane ɓangare. Zubar, sake zubawa, har kananzir ya fito garau. Tawa sai a karo na huɗu ta washe. Na farkon kamar kunun kanwa ya fito.

Kwance makunnin man da ke ƙasa, ka wanke 'yar ragarsa. Shanya tankin a rana, canza filta, ka fitar da iskar da ta shiga hanyar mai. In ka ga huji, kada mai walda ya kusance shi yana warin mai.